Lasisin Tuƙi da Sirrin Mai Shi

Lacca da aka gabatar a birnin Katsina gaban direbobi, jami'an hanya, masu shagunan kwamfuta da ɗalibai

 

   

Batun da aka ɗora mini shi ne bayanan da ke jikin lasisin tuƙi: wa ke karɓarsu, ina suke zuwa, wane haɗari ke tattare da su. Don kada mu yi maganar a iska, ina roƙon duk mai lasisi a aljihu ya ciro shi mu duba tare.

Abin da katin ke faɗa

Ga hotonka. Ga cikakken sunanka, da ranar haihuwarka, da adireshin gidanka. Ga tsawonka, ga rukunin jininka. Akwai gurbin da ke nuna ko kana da zane a fuska, da wanda ke nuna ko sai da tabarau kake gani. Ga sa hannunka. Ga lambar wayar wanda za a nema in wani abu ya same ka, wanda galibi uwargida ce, ko wa, ko babban ɗa. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Abin da ka bayar ranar da ka je neman katin ya fi haka: ka cika fam da asalin jiharka da ƙaramar hukumarka, ka ba da lambar wayarka da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, sannan ka ɗora yatsunka a kan na'ura ta ɗauki zanensu.

Yanzu mu tambayi kanmu. Jami'in da ya tsayar da kai a Ƙofar Ƙaura ko a hanyar Jibiya, me yake son ya sani? Abu uku ne. Kai ne mai katin? An yarda ka tuƙa irin wannan motar? Wa'adin katin bai ƙare ba? Hoto da suna da ajin lasisi da ranar ƙarewa sun amsa duka ukun. Sauran, wato ƙofar gidanka da lambar matarka da ranar haihuwarka, ba su da hurɗa da iya tuƙi. Amma duk wanda katin ya shiga hannunsa na minti ɗaya, ko jami'i ne ko mai POS ko yaron shago, ya gan su, kuma wayar da ke hannunsa tana da kyamara.

Magabatanmu da suka tsara gidan Bahaushe sun fahimci wannan tun kafin zuwan kwamfuta. Baƙo a zaure yake tsayawa. Aboki kan wuce zaure na biyu. Cikin gida sai muharrami. Kowa da iyakarsa, gwargwadon abin da ya kawo shi, kuma babu wanda ke ɗaukar haka a matsayin rowa ko rashin gaskiya. Matsalar lasisinmu ita ce ba shi da zaure: wanda ya zo tambayar tuƙi kawai, sai ya tsinci kansa a tsakar gida. Maganata ta yau ke nan a dunƙule. Kowa ya karɓi iya abin da aikinsa ke bukata, kuma abin da ya karɓa ya san amana ce a wuyansa.

Yadda muka zo nan

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a watan Fabrairun 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, 'yan watanni kaɗan bayan ƙirƙiro jiharmu ta Katsina a Satumban 1987. Dattawan da ke nan sun tuna yadda lasisi yake a da. Mutum ɗaya kan riƙe biyu ko uku daga jihohi daban-daban. In an ƙwace na Katsina, ya ciro na Kano. Wani ma bai taɓa riƙe sitiyari ba, hoto kawai ya aika aka kawo masa lasisi har gida. Wannan ɓarna ta ci rayuka, kuma gyaranta ne ya sa a Satumban 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabon lasisi mai ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska, ana tara bayanan kowa a rumbu ɗaya na ƙasa.

Ku lura da hannayen da takardunka ke ratsawa kafin katin ya fito. Makarantar koyon tuƙi ta yi maka rajista. Jami'an duba motoci na VIO su gwada ka. Hukumar tara haraji ta jiha ta karɓi kuɗi. FRSC ta ɗauki hoto da yatsu, ta ba ka na wucin gadi na kwana 60, kafin a buga na dindindin mai shekara uku ko biyar. Hannu huɗu ke nan na hukuma, ban da banki, ban da mai shagon kwamfutar da ya cika maka fam, ban da ejan ɗin da da yawa daga cikinmu ke ba wa komai su ce "ka ƙarasa min."

Sai kuma aka fara ɗaure katunan da juna. Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar tantance masu asusu, wato BVN, a 2014. A Disambar 2020, lokacin da Dakta Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN. A daidai wannan lokaci FRSC ta sanar cewa daga 2021 babu sabon lasisi ko sabunta tsoho sai da NIN. Yanzu lasisi ya kai ga NIN, NIN ta kai ga layin waya, layin waya ya kai ga asusun banki. Wanda ya kama bakin zaren a wuri ɗaya yana iya bin sa har ƙarshe. A da in lasisinka ya faɗi, asararka kuɗin sake wani. Yau asarar tana iya kaiwa asusunka.

Inda bayanan ke yoyo

Akwai yoyo daga sama, akwai daga ƙasa.

Na sama ya fito fili a 2024. A watan Maris, 'yan jaridar bincike na FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗi ƙalilan. A watan Yuni, ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wani shafin, AnyVerify, da ke tallar bayanan NIN da BVN da fasfo da katin zaɓe da lasisin tuƙi. Don su nuna ba zance ba ne, sai suka sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Dakta Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai ta ƙasa, Dakta Vincent Olatunji, kowace a kan naira 100. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. To, ko da ba a fasa ba, ga yadda abin ke faruwa: hukuma kan ba wasu kamfanoni izinin leƙa rumbu don tantance abokan hulɗa, sai mai izinin ya ara wa wani mabuɗinsa, wancan kuma ya buɗe kasuwa. In na minista ya fita a naira 100, direban da ke lodi zuwa Funtuwa fa?

Amma ni yoyon ƙasa ya fi tayar mini da hankali, domin kullum ake yinsa kuma da hannunmu. Ku shiga shagon kwamfuta irin na bakin manyan makarantunmu ko na kusa da ofisoshin gwamnati. Za ka miƙa lasisi a yi maka fotokwafi. Na farko ya fito baƙi-ƙirin, sai yaro ya jefa shi kwali ya sake wani. Wancan na kwalin, sunanka da adireshinka suna nan ana karantawa. Da yamma a tattara takardun kwali a sayar wa mai tsire ko mai awara. Sau nawa aka naɗe maka ƙosai da takardar da ke ɗauke da hoton wani bawan Allah da ranar haihuwarsa? Sannan ka leƙa fuskar kwamfutar shagon, za ka ga hotunan katunan mutane jere, na bara da na bana, babu mai gogewa, babu lambar sirri a kan na'urar, yara uku ko huɗu ke amfani da ita. Ranar da ta lalace, a kai wa mai gyara da duk abin da ke cikinta.

Ga ejan. Ka tura masa hoton tsohon lasisi da NIN da lambar waya ta WhatsApp. Aiki ya ƙare, amma hotunan na nan a wayarsa tare da na mutum ɗari. Wayar ta faɗi a kasuwa, ko ya sayar da ita. Ga masauki da ke karɓar kati ya ɗauki hoto gaba da baya. Ga manhajojin ba da bashi na waya da ke neman hoton lasisi kafin su ba ka dubu biyar. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu, Soko Loan, tarar naira miliyan 10, saboda yadda yake kutsawa cikin lambobin wayar masu bashi yana aika wa danginsu saƙon tozarci. Ga kuma mai kyakkyawar niyya: ya tsinci lasisi a bakin Babbar Kasuwa, ya ɗauki hotonsa ɓaro-ɓaro ya saka a Facebook da cigiya, ya ce a yaɗa saboda Allah. Lada yake nema, amma ya raba adireshin mutum ga dubbai.

Me ya sa abin ya fi nauyi a Katsina

A wasu wuraren, in bayanan mutum suka fita, abin tsoro shi ne damfara. Mu ma muna da wannan. Kowa ya san kiran nan na "daga bankinka muke." Abin da ke sa mutum ya yarda shi ne mai kiran ya ambaci cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da unguwarsu, sai ya ce ai wannan ya san ni, ya karanto masa lambar da aka turo. Wani kuma da kwafin katinka zai buɗe asusu ko ya yi rajistar wani abu, ya tafka ta'asa, a zo ƙofar gidanka.

Mu kuwa muna da abin da ya fi damfara. Babu wanda ke cikin zauren nan da bai san wani da aka ɗauka aka nemi kuɗin fansa ba. Mun san ɓarayin daji ba duba suke yi ba, infoma ke kai musu labari: wane ne ke da mota, ina yake kwana, wa za a kira. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan har tsawon watanni, don ta yanke wannan hanya ta labari. Wato hukuma da kanta ta shaida cewa a ƙasar nan bayani makami ne. To, ka sake duba katin hannunka: hoton da za a gane ka, ƙofar gidanka, da lambar wanda za a kira. Ba ina cewa ta lasisi ake ɗaukar mutane ba. Cewa nake, abin da infoma ke wahalar tarawa, mu muna barin kwafinsa a kwalin shago.

Amurka sai da jini ya zuba ta farga. A Yulin 1989 wani mutum ya harbe 'yar fim Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles. Adireshin nata daga ofishin lasisin motoci na jihar Kalifoniya aka samo masa, domin a lokacin duk mai 'yan daloli yana iya nema a ba shi. Wannan kisa na cikin abin da ya sa a 1994 majalisarsu ta yi doka ta musamman da ta hana ofisoshin lasisi fitar da bayanan direbobi sai da dalilin da doka ta lissafa. A Ostareliya, a Satumban 2022, aka sace bayanan kusan mutum miliyan 10 daga kamfanin waya na Optus, ciki har da lambobin lasisin tuƙi, jama'a suka yi ta layin sauya kati. Su sun sauya lamba sun huta. Zanen yatsa fa? Yatsu goma Allah ya ba ka, in zanensu ya fita, babu ofishin da zai ba ka sababbi.

Hujjar hukuma

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, ga jami'ai nan zaune. Za su ce: in mota ta kife a hanyar Kano da tsakar dare, direba ba ya magana, da me za mu san shi, wa za mu kira? Gaskiyarsu. Za su ce zanen yatsa ne ya hana mutum ɗaya riƙe lasisi uku. Nan ma gaskiyarsu. Ban zo in ce a daina tara bayanai ba.

Abin da nake cewa shi ne a bambanta abin da ke rumbu da abin da ke fuskar kati. Jami'in ceto yana iya samun lambar dangi ta hanyar shigar da lambar lasisi a na'urar aikinsa, na'urar kuma ta rubuta wane jami'i ne ya duba, yaushe, don me. Ba sai an buga ta inda kowa zai karanta ba. Rukunin jini kuwa, ku tambayi ma'aikatan asibiti: babu likitan da zai ƙara wa mutum jini bisa abin da ke rubuce a kati, sai an gwada an ga ya dace. Balle mun san wasu ejan-ejan in ba ka san rukuninka ba, abin da ya zo bakinsu suke rubutawa.

Kuma dabarar tana hannunmu. Tun 2022 NIMC ta fito da lambar aro da ake ba kamfani a madadin ainihin NIN, mai harafi da lamba 16, wadda ke mutuwa bayan awa 72. In an iya yi wa NIN haka, ana iya yi wa lasisi.

Abin da doka ta ba mu

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Dokar ta ce duk mai karɓar bayananka ya gaya maka don me, kada ya karɓi fiye da bukata, kada ya juya su zuwa wani aikin daban, kada ya riƙe su bayan bukata ta ƙare. Kana da ikon tambayar abin da aka ajiye a kanka, a gyara in akwai kuskure, a goge in babu dalilin riƙewa, ka kuma kai ƙara NDPC. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Ta ware wasu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne, ciki har da zanen yatsa, da lafiyar jiki, da addini, da ƙabila, har da kasancewa ɗan ƙungiyar ƙwadago. Shugabannin tasha, wannan na ƙarshen ya shafi rajistar mambobinku. Manyan masu riƙe bayanai tararsu kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba a takarda kawai ta tsaya ba: a Agustan 2024 NDPC ta sanar da tarar sama da naira miliyan 555 a kan bankin Fidelity. Dokar ta sassauta wa jami'an tsaro wajen binciken laifi, amma sassaucin na aikin hukuma ne. Bai halatta wa jami'i ya ɗauki hoton lasisin mace a wayarsa ta kansa, dare ya yi ya kira ta ba.

Mu Musulmi ma ba mu jira 2023 ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, kuma malamanmu sun fi ni sanin matsayin wanda aka ba amana ya ci. Hausawa kuma suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya rage gare mu

Iyayena direbobi, lasisi nunawa ake yi, ba a barin sa jingina a gidan mai ko wurin bakanike. In dole sai an ba da kwafi, a rubuta a kansa da biro wanda aka ba da dalili da kwanan wata, ta yadda ba zai yi aiki a wani wurin ba. A karɓe kwafin da ya lalace. A tsaya a ga an goge hoton daga kwamfuta. In kati ya ɓace, a kai rahoto wurin 'yan sanda a riƙe takardar, ita ce shaidarka ranar da wani ya yi ɓarna da sunanka. A je ofishin lasisi da ƙafa, tunda ko ta ejan ka bi, in lasisin farko ne sai ka je ɗaukar yatsu. Wanda ya ce zai kawo maka lasisin farko ba tare da ka je ba, jabu zai kawo, kuma ya tafi da bayananka na gaske.

Sannan ku tuna ku ma masu riƙe amana ne. Takardar da fasinja ke cikawa a tasha kafin mota ta tashi, da sunansa da lambarsa da ta danginsa da inda za shi, ina take kwana? Wa ke iya ɗagawa ya karanta? Bayan wata shida ƙona ta ake yi, ko tana ƙarƙashin benci? Abin da ba ka so a yi da lasisinka, kada ka yi da takardar fasinjanka.

Masu shagunan kwamfuta, ku sa lambar sirri, ku goge aikin kowa kafin ya bar shagon, takardun kwali a yayyaga ko a ƙona. Mai tsintuwa, ka rufe komai sai suna kafin ka yi cigiya, ko ka kai ofishin FRSC mafi kusa.

Hukumomi kuma, na tarayya da na jiha har da hukumar kula da hanya ta KASSAROTA, roƙonmu uku ne. A rage abin da ake bugawa a fuskar kati. A hana jami'ai ɗaukar hoton takardun mutane da wayoyinsu na kansu. A kafa sanarwa da Hausa, da boko da ajami, a kowane ofishin lasisi, mai bayyana abin da ake karɓa, da waɗanda ake ba wa, da inda mutum zai kai kuka. Ƙannena ɗalibai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman Katsina, masu karatun shari'a da na kwamfuta, fassara wannan doka da kai ta tashoshi aikinku ne. Dokar da mai ita bai san da ita ba, ba ta tsare shi.

Tambaya ɗaya nake so kowa ya saba da ita, ya riƙa yin ta cikin ladabi ga duk wanda ya ce kawo katinka: me za a yi da shi, kuma wa zai ajiye? Mai gaskiya zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. In aka yi ta jin tambayar a banki da masauki da shago da bakin hanya, dole masu karɓa su tanadi amsa.

Shugaban zama, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare hanyoyinmu, ya dawo wa jiharmu da zaman lafiya.